Kujera Biyu a Bayan Gida

Shekara talatin da takwas na yi a ƙarƙashin Kiruna,
ina fasa dutse, ina fid da ƙarfe.
Ramin ya sallame ni da agogon hannu
da bayan da ba ya lanƙwasuwa.

Majvor kuwa likita ya sa mata ƙarfe a ƙugu,
wataƙila ma wanda na haƙo ne.
Daren hunturu ta juya ta ce wash,
ni ma in ce wash,
hirarmu ke nan har gari ya waye,
in ma ya waye, don a watan nan rana ba ta fitowa.

Ita ta kawo maganar bahon ruwan zafi.
Na ce kuɗin na gyaran rufi ne.
Ta ce rufi bai taɓa hana ta barci ba.
Na ɗauki igiya na auna bayan gida,
daga rumfar itace zuwa bishiyar da Ylva ta dasa:
taku bakwai, ban da wurin wucewa.

Awa huɗu a mota zuwa Luleå.
Yaron shagon, Sixten, suma kwance kamar saniya ta lashe,
ya kai mu gaban wani ƙato mai kujera takwas,
fitilu ja da shuɗi, bututu sittin masu dukan baya.
Wani ma iyo ake a ciki,
ruwa na tura ka, kana tura shi, ba inda za ka.
Na ce, yaro, irin aikin da na bari ke nan,
ba zan biya kuɗi ba don maimaitawa.

Ya ce mu shiga mu gwada.
Muka cire takalma, muka zauna a busasshen baho
da rigunan sanyi da huluna,
kamar dankali biyu a tukunya.
Majvor ta yi dariya har ta dafe ƙugu,
rabona da jin wannan tun tana iya rawa.

Ni mai murhu nake so,
in faskara, in hura, in ji ƙamshin hayaƙi.
Ta dube ni sama da ƙasa:
Gottfrid, wa zai ɗaga gatari nan da shekara biyar?
Shi ke nan, na lantarki.
Na tambayi abin da zai sha a wata,
Sixten ya faɗa yana kallon takalminsa,
na ji mita na gudu tun ba a kai ga kunnawa.

Ita ba ta tambayi fitila ba.
Ta taka matakala, ta girgiza ƙarfen riƙewa,
ta ɗaga murfin da hannu ɗaya
ta ga ko za ta iya ranar da ba ni.
Na gani, na kau da kai.
Sai ta ce: ramin na cin garinmu ta ƙasa,
unguwar da aka haife ni ta tafi,
in takarda ta zo mu ma mu tashi,
abin nan yana ɗaukuwa?

Mai kujera biyu muka saya, ruwan toka, ba ado.
Rufi ya jira baɗi.
Mota mai ƙugiya ta tsallakar da shi katanga yana lilo,
maƙwabci Valdemar ya fito da kofi a hannu
yana ba da umarni, ba mai amsawa.

Daren farko, talatin ƙasa da sifiri.
Muka ruga daga ƙofa, in ana ce wa wannan gudu.
Tururi ya rufe mu, girata ta daskare,
koren haske na kaɗawa a sama kamar zane a igiyar shanya.
Can ƙasa aka yi wani diri.
Majvor ta ce, ji.
Na ce nakiya ce, lokacinsu ne.
Ta ce a'a, ƙuguna, ya yi shiru.
Ƙafarta ta nemo tawa a ƙarƙashin ruwa.