Tsallen Kawara

A Goronyo, bayan sallar asuba,
ruwa kwance lumui, ko iska ba ta farka ba,
ni da Kawu Nomau cikin jirgi mai yoyo,
ina kwalfe ruwa da ɓarin ƙwarya.

Sai wal! kawara ta keto fuskar ruwa,
azurfa guda, tsawon tafin hannu,
ta lanƙwasa a iska, ta lashi hasken farko,
ta koma, ta bar zobe cikin zobe.

Na tafa. Na ce, Kawu, murna take yi!
Bai ɗago daga ɗinkin birgi ba.
Ya ce, yaro, dubi ƙasa-ƙasa,
inda ruwan ya yi duhu kamar baba.
Tsage ne, haƙora waje, ya biyo ta.
Tarwaɗa laka gare ta, ta shige.
Kurungu ƙaya gare shi.
Gaiwa ta iya barcin rani.
Kawara ba ta da kowa sai sama,
sama kuwa ba ta riƙe baƙo.

Shekara goma sha bakwai ke nan.
Kawu na kwance bayan gari, jirgin ya zama makamashi.
Jiya a tashar Wurno na raka ƙanena Arzika,
jaka ɗaya, sabuwar riga, sai dariya yake,
zai bi mota har Agadas, daga can Allah masani.
Masu shayi suka ce, yaron nan akwai zuciya,
dubi yadda ya ɗare mota!

Ni ban tafa ba.
Ina duban ƙasa-ƙasa,
inda ruwan ya yi duhu.