Rabin Gwanki

Labbo ya ce in cire agogo,
ƙyallinsa zai riga mu isa bakin ruwa.
Ya ce in shafa toka,
in taka inda ya taka.
Muka bar Ɗansadau da jijjifi,
shi da gora da sanda,
ni da kyamarar da ban gama biyan kuɗinta ba.

A dajin Kuyambana ƙasa rubutu ce,
shi ke karantawa, ni ina bin baki:
nan gadu ya tona saiwa,
nan gada ta tsaya ta saurara,
wannan kashin na jiya ne,
wancan da sauran ɗumi.

Birai na fara samu, a kan taura,
uwa tana tsince ƙeyar ɗanta.
Sai burtu biyu,
suna taku kamar alƙalai sun tashi daga shari'a.
Na durƙusa wa damo yana shan hantsi,
Labbo ya yi tsaki:
wannan ai miya ce, ba hoto ba.

Muka kwanta bayan suri.
Cinnaku suka same ni, ban motsa ba.
Inuwar marke ta bar kanmu ta koma gabas.
Na fara lissafin kuɗin mota.

Sai ciyawa ta rabu.

Gwanki.
Fuska kamar an zana da gawayi da alli,
ƙaho ya lanƙwasa baya,
kunnuwa dogaye suna auna iska.
Ya sunkuya, ruwa ya ɗauki hotonsa kafin ni.

Labbo ya raɗa a kafaɗata:
shekara goma sha ɗaya rabona da irinsa,
na ƙarshen ma ni na kayar.
Hannunsa ya lalubi inda kwari yake zama,
ya tarar da gora.

Yatsana ya yi rawa.
Ƙas!
Daji ya haɗiye abinsa.

Abin da na samu ke nan:
cinya, bakin wutsiya,
kofato ɗaya bai taɓa ƙasa ba,
sauran duk ganye.

A gari yara suka ce ina naman.
Mai shayi ya ce jakin wani ne na ɗauko.
Labbo dai ya kwance bakin aljihu,
ya ce in wanke masa babba.

Yana nan a zaurensa,
ƙarƙashin tsohon ƙahon da gizo ya yi wa saƙa.
In baƙo ya tambayi sauran jikin,
sai ya nuna kudu da haɓa:
yana can, yana shan ruwa.