Mai Azumi a Gindin Ƙaya

Gidanmu a kan turaku yake, a Banggai,
teku na shiga ƙarƙashin tabarma, ta fita ba sallama.
Ranar da na cika shekara tara
Mbo Sanang ta ɗaura mini tabaraunta na icce,
ta danna ƙeyata cikin ruwa.
"Kada ka nemi kifi tukuna. Nemi ƙaya."

Ga bushiyar teku nan, baƙa wuluk,
tsinkayenta sun ɗara tafin hannuna.
Tsakanin tsinke da tsinke
wani ɗan abu ya tsaya cik, bai kai yatsa ba,
sai ka ce da zare aka rataye shi.

Na ɗago ina tari. Ta ce, "Ƙirga mini."
Zane uku baƙaƙe a jikin azurfa:
ɗaya ya ratsa ido, kamar kwalli ya zarce,
biyu sun gangaro daga fikafikan baya.
Wutsiya buɗe, bakin almakashi,
an watsa mata fararen ɗigo kamar gishiri.

"Capungan ke nan.
Mai zane a kwance maƙwabcinsa ne, kada ya ruɗe ka.
Wannan ba ya son zurfi.
Inda ruwa ya kawo maka ƙirji,
ciyawar teku, reshen murjani, inuwar turakunmu,
inda aka ƙyanƙyashe shi nan yake tsufa."

Ran Talata Pak Herman kan zo daga Luwuk
da ledoji da tulun iska.
Kifi ɗari, shinkafar mako guda.
Na kama casa'in da tara kafin azahar,
cikon ɗarin ya shigo koma da haɓa a kumbure.

Mbo ta riƙe mini hannu.
"Uba ne. 'Ya'yansa ne a bakin nan.
Sati uku bai haɗiyi komai ba,
tsoron kada ya haɗiye su."

Na tuna daminar da iska ta hana fita,
babana yana kankare mana gindin tukunya,
yana cewa shi ya ci a kwalekwale.

Na karkata komar.
Bai yi sauri ba, mai kaya ba ya gudu.
Ya koma cikin ƙayarsa,
baki a rufe.

Pak Herman ya ƙirga sau biyu,
ya rage mana kofi guda.