Ƙugun 'Yar Jif

A Kwannawa, ƙarƙashin dogon yaro,
Hali ya kwanta bisa kwali yana leƙen cikin 'yar jif ɗina.
Ya ce, "Ƙugunta ya sandare.
Motad da ba ta rusunawa
ba ta gaida hanyar Silame."

Ya zare ganye biyu daga sifirin baya,
ya ƙara wa shakul tsawon yatsa uku.
Doguwar shokozoba 'yar gwanjo,
da bakin rigarsa ya goge ta kafin ya ɗaura.
Har tiyon birki sai da ya sassauta masa linzami.

Na ce, in ta kife fa?
"Tahiyar raƙumi nik koya mata.
Bisa kwalta ka bi ta sannu."

Ran Talata muka biyo kwazazzabon Gande,
albasa buhu shida a baya.
Taya ɗaya ta haye gaɓa,
ɗayar ta miƙa ƙafa can ƙasa tana lalube,
kamar tsohuwa mai neman takalminta da asuba,
ta taka yashi.
Babu wanda ya sauka turi.

Hali bai tanka ba.
Ya tofar da tukar goro,
ya waiwaya ya yi wa ramin murmushi.