Daƙiƙa Biyu

Ina ɗan shekara goma sha tara a lokacin,
a wata gona can ƙuryar Wales,
inda tumaki suka fi mutane yawa
kuma ruwa ba ya ɗaukewa sai don ya sake shiri.
Barga ce aka fitar da dawakai, aka shimfiɗa wayoyi.
Warin ciyawa bai bar ta ba har muka tashi.

Su huɗu suka zo daga Landan a tsohuwar motar burodi:
Hollis da jitarsa mai tabon sigari a wuya,
Rufus makaɗi, wanda ba a jin bakinsa kafin rana ta take,
Dermot mai murya kamar an ja ƙofar ƙarfe a kan tsakuwa,
sai Alwyn, autansu, mai jita mai kaurin amo.
Ni kuwa, Emlyn, nawa tef ne:
in ɗaura, in juya, in yanke da reza, in liƙa,
in dafa shayi, in kama bakina.

Waƙar farko dare ɗaya ta faɗo
kamar tuffar da ta gaji da reshe.
Ta biyu a bayan takardar kuɗin madara aka rubuta ta,
Olwen mai gona ta kwana uku tana cigiya.
Ta uku faɗa ne ya haife ta.
Hollis ya ce a ja ta, Rufus ya ce a ruga,
kofi ya sha bango,
da gari ya waye aka raba musu gaskiya rabi da rabi.

Ta huɗu ce ta kafe.
Mako biyu ana lallashi, ta ƙi shan ruwa.
Sau talatin da ɗaya jar fitila ta kama, ta mutu.

Ran Laraba da dare Olwen ta ƙwanƙwasa:
waya ce, ta Alwyn, daga Swansea.
Mahaifinsa.
Jirgin ƙasa kuma sai shida na safe.
Ya dawo da ruwa a gashinsa,
bai ce uffan ba, ya rataya jita.
Na danna.

Rufus na taɓa fata kamar mai gudun tada jariri.
Dermot ya rufe ido, tsakuwar nan ta narke.
Can tsakiya Hollis ya matse tsirkiya ɗaya
ta yi wani kuka
da ya sa na manta buta a kan wuta.

Huɗu na asuba, barci ya ci rabin idona,
yatsana ya sauka inda bai kamata ba.
Daƙiƙa biyu.
Na goge kukan, na goge gangar, na goge numfashin kowa.
Alwyn na hanyar tasha. Wa zai sake haifar daren jiya?

Na naɗe kayana tun ba a kore ni ba.
Hollis ya saurara sau uku, taba na cin yatsunsa.
Ya dubi ramin, ya dube ni.
Ya ce, "Bar shi haka. Dafa shayi."

Yau faifan ya haura hamsin.
Masana sun cika takardu a kan shirun nan:
wai nan ne baƙin ciki ya haɗiye harshensa,
wai dabara ce da aka yi wata ana ƙullawa.
Na ga filin wasa cike maƙil
ya riƙe numfashi daidai wurin,
har na ji tsikar jikina ta yarda da su.

Rufus ya tafi, Dermot ya bi shi.
Alwyn ya ce shi ba ya tuna komai na daren.
Hollis kuwa ko sunan 'yarsa yanzu sai an tuna masa.

Saura ni.
In ina wanke kwanuka, rediyo ya kawo ta,
aka iso bakin ramin,
sai in rufe famfo,
in cike shi da bakina, a hankali,
ba daidai ba.