Kifin Rumasa'u

A rumfata ta Farm Centre
ta ajiye waya, gilashi a tsage.
Ta ce, "Malam Tasi'u, kada ka goge komai,
akwai kifina a ciki."

Na ɗauka wasa take.
Ashe wasan ne.

Da haske ya dawo, sai ga shi,
bai kai ɗan yatsana ba,
ruwan lemo da ratsin fari,
wutsiya kamar an tsoma ta a marinar Ƙofar Mata.

Yana iyo a tsibirin da ba a ɗauke wuta,
ruwa garau, har yashi ana gani.
Ni da na tashi a bakin Jakara
ban taɓa ganin ƙasan ruwa ba.

Janareto na ruri,
shi ko a jikinsa.
Saƙo ya fito: kwana huɗu bai ci ba.

Ba aikina ba ne.
Na waiga hagu, na waiga dama,
na danna.
Ya buɗe baki.

Da la'asar ta dawo,
ko gilashin ba ta duba ba.
"Wa ya ba shi abinci?"

Na sunkuya, ina neman canji.