Bayan Allo

Sana'ata rubutu ce, amma da buroshi.
Shagona na Fagge, a wani lungu,
tsakanin mai ɗinkin tampol da mai gyaran janareto.
Ilu mai fenti, haka ake kirana.
Dalar da na sani ita ce ta dutse,
wadda kowa ke hange kyauta daga kan gada,
amma ta Amurka na rubuta miliyoyinta a kan ƙarfe,
sifili na bin sifili
har wuyan hannu ya yi tsami.

Ranar Talata Injiniya Mansir ya faɗo a gaggauce,
waya a kunne, makullin mota na lilo a yatsa:
"Masu bincike za su sauka jibi,
har da Baturiya guda mai tabarau.
Allon Ɗorayi ya koɗe. Je ka tashe shi."

Na san allon, ai ɗana ne.
Sau uku ke nan ina yi masa wanka.
"Kyauta daga al'ummar wata ƙasa
zuwa ga al'ummar wannan unguwa,"
sai hannaye biyu suna musabaha a sama.
Yatsun ne kullum ke ba ni wuya,
ba sa yarda su riƙe juna.

Wata bakwai burtsatsen ya yi yana ba da ruwa,
sai ya yi tari, ya yi shiru.
Ƙadangaru suka gaji tankin.
'Yan garuwa na tura kura ta gabansa,
jarka goma sha biyu, ko kallonsa ba sa yi.

Ina kan tsani Iya Ladidi ta tsaya da bokiti,
ta daɗe tana duban shuɗin da nake shafawa.
Ta ce, "Yaro, fentin nan ana shansa?"
Na yi kamar iska ta ɗauke maganar.

Daren Laraba tanka ta zo ba fitila,
ta yi wa tankin ɗura.
Alhamis famfo ya zuba, aka tafa,
aka ɗauki hoton yarinya tana wanke fuska.
Tafinta ya ce, "Kuna jin daɗin ruwan?"
Masu amsa tun jiya aka zaɓe su.
Iya Ladidi na can baya,
wani mai babbar riga ya tsaya a gabanta.

Da watan ya mutu aka sake kirana,
wannan karon wani gareji mai dogon bango.
Motoci shida na tallafin tsaro, in ji takarda.
Huɗu na zaune kan bulo, ciki ba hanji,
biyu ke da numfashi.
Aka ce in iya lamba mai saurin bushewa:
da safe ɗaya da biyu,
da azahar uku da huɗu,
kafin la'asar biyun nan sun zama shida.

A daren Sagiru ya bugo, ɗan yayana,
daga dajin da ba a ba shi izinin faɗa ba.
"Kawu, a ƙafa muka yi sintiri yau ma.
Ka ce wa Inna takalmin ya kusa."
Layin ya yanke.
Na dubi farcena, koren fenti a ƙarƙashinsa,
kananzir ya kasa fitarwa.

An biya ni, ban ɓoye ba.
Na sayi shinkafa, na biya kuɗin makaranta,
na sayi ruwa jarka huɗu wajen ɗan garuwa.

Amma jiya bayan asuba na koma Ɗorayi
da ƙaramin buroshin da nake ɗige-ɗige.
Na zaga bayan allon, inda tsatsa take,
na rubuta ranar da ruwa ya ɗauke,
da lambar tankar, da sunan Iya Ladidi.

Shekara ashirin ina wannan sana'a,
ban ga mai binciken da ya zaga bayan allo ba.
Sai dai fentin mai kyau na sa,
na ranar da za a yi.